Mi za mu kira IORT da Hausa?

Jama'a ku taimaka. Kawuna ya dawo Gusau daga Indiya, an yi mishi aikin kansar fankiriyas, takardar sallama ta ce an yi mishi IORT, wato intraoperative radiation therapy da Turanci. Inna ta ce in fassara mata, na tsaya ina ta susar ƙeya.

Ga yadda abin yake. An buɗe ciki, likita ya ture hanji da tumbi gefe, sai a saita bakin na'ura kamar mazurari daidai kan ƙarin ko gurbin da anka yanke shi, a sakar mai gashin radiyeshan sau ɗaya mai ƙarfi, gire 10 zuwa 20 (gire shi ne ma'aunin yawan gashin), mutum na kwance cikin allurar barci, sannan a ɗinke. Gashin da munka sani, irin wanda mutanenmu ke zuwa Sakkwato yi, ta saman fata yake shiga, kamar gire 2 kullum har sati biyar ko shida, don dole a lallaɓa hanjin da ke kan hanya. A Kyoto ta Jafan anka fara wanga salo na zamani a shekarun 1960.

Wani malamin jinya daga Argungu ya ce a kira shi hasken tiyata. Ban yarda ba, Inna za ta ɗauka fitilar nan ta saman gadon aiki ake nufi, ko hoton ƙirji. Wani ya ce ƙuna, haba malam, kana cewa ƙuna rabin dangi sun hana a sa hannu a takarda.

Gashin ma ya na da tashi matsala, a rubuce sai ka ce na kai, ga masu gashin ƙashi a gefe. Amma shi baki ya saba da shi, a bar shi.

Kuma don Allah a daina ce ma fankiriyas saifa, ku tambayi mahauci, saifa daban take. Ita fankiriyas tana kwance bayan tumbi, ita ke yin insulin mai daidaita sukarin jini, kuma kansarta kan nannaɗe manyan jijiyoyin jini har wuƙa ta kasa kwashe ta duka, shi ya sa ake bi da gashin, ya rage ciwo ya danne ta a wurin. Wadda ta riga ta tsallaka hanta kam bai kai mata.

Ni dai na tsaya kan gashin tsakar tiyata. Na gwada ma Inna daren jiya, ta ce "wato tun ba su rufe cikin ba sunka gasa abin?" Na ce shi ke nan Inna.