In faɗa musu tun a takarda, ko in bari sai sun gan ni?

Zainab: Assalamu alaikum 'yan'uwa, shawara nake nema. Shan inna ta taɓa min ƙafafu tun ina ƙarama, da keke nake yawo. Shekara uku ke nan da na gama karatun akanta, har yau ba aiki. In na rubuta cewa ina da nakasa, shiru kake ji. In na ɓoye, a kira ni ganawa, ina shiga in ga fuskoki sun canza. Ta ƙarshe ma a hawa na uku aka yi ta, ba lifta. Wani ya sauko ya karɓi takarduna a gindin matakala, wai za su neme ni. Kuɗin shatar motar ranar ma bashi na ci, don motar haya ba ta tsaya wa mai keke. Ya zan yi?

Baban Ummi: Wa alaikis salam ƙanwata. Takardar neman aiki ta ƙwarewarki ce, ƙafa ba ta da gurbi a ciki. Amma da zarar sun kira ki, ki rubuta musu: da keke nake zuwa, a ba ni ɗaki a ƙasa ko a yi ganawar ta bidiyo. A rubuce fa, kada ki tsaya a waya. Ba alfarma kike roƙo ba. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2006 kan haƙƙin masu nakasa, sashe na 27, ta hana wariya wajen ɗaukar aiki, ta kuma ce a yi wa mutum gyaran da ya dace a wurin aikinsa.

Malam Sani: Ni kam da za ki ji tawa, ki kama sana'a a gida ki huta da wulaƙanci.

Anti Bilki: Haba Malam, da wane jari? Wadda kuɗin mota ya sa ta cin bashi? Mai nakasa fa kafin ya samu sisi ya riga ya kashe biyu, gyaran keke, shata, asibiti. Kuma ai karatu ta yi.

Nura: Yaya Zainab, ni makaho ne, shekara biyar ina aikin ofis da manhajar NVDA, wadda ke karanta min abin da ke kwamfuta, kuma kyauta ce. Abin da na lura, yawancinsu tsoro ne ke cin su, suna zaton ɗaukar mu zai ci musu dukiya. Ni da bakina nake riga su: ga yadda nake aiki, ga abu ɗaya da nake buƙata. Sau ɗaya kawai zan saɓa wa Baban Ummi. Inda doka ta ware mana kaso a guraben aiki, faɗa tun farko riba ce. A Jamus kashi 5 ne, a Faransa kashi 6, ga duk ma'aikata mai mutum 20 zuwa sama, wadda ta gaza kuma ta biya kuɗi. Ki duba ko ƙasarki tana da irin wannan.

Zainab: Na gode, Allah ya saka da alheri. Akwai wata ganawa ranar Talata, yanzu zan tura musu saƙon. Nura, in sun amsa cewa ba su da ɗaki a ƙasa, in nemi ta bidiyo kai tsaye ko in jira su kawo zancen?