Shekara huɗu da gwajin bakin mahaifa, na kasa komawa

Maman Biyu:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shekara huɗu ke nan da aka yi min gwajin sankarar bakin mahaifa, irin wanda ake shafa ruwan khal a duba da ido. Aka ce lafiya lau, in dawo bayan shekara 3. Katin na nan cikin jakata, har ya fara yagewa wajen ninki. Gaskiya ƙarfen nan da ake sakawa a gaban mace don a ga bakin mahaifa ne ya hana ni. Sanyi kamar ƙanƙara, matar da ta yi gwajin ba ta yi min bayanin komai ba sai "saki jikinki mana", ga labulen bai rufe duka ba, ina jin takun masu wucewa. Tunda ba ciwo, ba jini, dole ne sai na koma?

Ungozoma:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Dole ne. Kusan duk sankarar nan ƙwayar cutar HPV ce ke kawo ta, kuma aikinta a ɓoye take yi. Daga lokacin da fatar wajen ta fara canzawa zuwa ta zama sankara yakan ɗauki shekara 15 zuwa 20, mace ba ta jin komai. A wannan tsakanin ake son a kama ta, a ƙone wajen cikin 'yan mintuna. In kika jira jini bayan saduwa, wataƙila abin ya yi nisa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce irin naki na khal a maimaita duk shekara 3. Gwajin HPV kuwa shekara 5 zuwa 10. Mai ɗauke da HIV ita daga shekara 25 take farawa, kuma tazarar gwajin HPV ɗinta ta fi gajarta.

Maganar ƙarfe kina da gaskiya, wasunmu hannunsu da nauyi. Ki ce a ɗauko ƙarami, a ɗumama shi, a ja labule kafin ki kwanta. Haƙƙinki ne. Ki kuma tambaya ko suna da gwajin HPV da mace ke ɗaukar samfurin da kanta, da ɗan tsinke mai auduga.

Anti Malama:
Ni ba ƙarfen ba ne ya dame ni. An ga wani abu a nawa, aka ƙone, aka ce in dawo bayan shekara ɗaya. Ranar na yi shiri har da mayafi, maigidan ya ce, "Ba an gama ba? Me kuma za ki je tonowa?" Na zauna. Amma in faɗi gaskiya, daɗi na ji da ya hana, don tsoron abin da za a gaya min nake yi. Sai da 'yata ta matsa na je, wata bakwai a makare. Ba a ga komai ba, Alhamdulillah.

Maman Biyu:
Allah ya ƙara lafiya Anti. Yaya Ungozoma, wannan na tsinken ban taɓa jin sa ba. In ya nuna akwai ƙwayar, ashe dai ƙarfen zan koma wa?

Ungozoma:
Eh, sai an duba da ido a lokacin. Amma yawancin mata sakamakonsu kan fito babu ita.