Wai da gaske yaro yana jin maganata tun yana ciki?

Mai jiran haihuwa:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Cikina wata bakwai kenan kuma na fari ne. Kwanan nan in maigida ya ɗaga murya sai in ji yaron ya motsa, har na fara yi masa hira da daddare, maigida na ta dariya wai da wa nake magana. Toh ba dariyar ce ke damuna ba. Watanni ukun farko na sha kuka kusan kullum saboda wata matsala da muka shiga, yanzu kuma wata ta ce min damuwar uwa tana taɓa ƙwaƙwalwar yaro, tun da na ji haka barci ya ƙaurace min wlh. Dan Allah wanda ya sani ya faɗa min gaskiya.

Anti nas:
Wa alaikumussalam ƙanwata. Ki ci gaba da hirarki, yana jin ki. Daga wajen mako na 24 zuwa 25 yaro yana amsa sauti, kuma muryarki ce ta fi isa gare shi tunda ta cikin jikinki take bi. A 1980 an gwada a Amurka, aka ga jarirai 'yan kwana biyu uku suna canza yadda suke tsotso don a kunna musu muryar uwarsu maimakon ta wata mace. A 2009 kuma aka kwatanta kukan jariran Faransa da na Jamus, sai aka tarar na Faransa kukansu yana hawa sama, na Jamus yana sauka, daidai da karin harshen da suka saba ji a ciki. Kin ga tun bai fito ba ya fara koyo.

Maganar damuwa kuma, eh, in ta yi tsanani ta daɗe tana iya tasiri, amma mabiyiya tana rage yawancin sinadarin damuwa kafin ya kai ga yaro, kuma ƙwaƙwalwar bata gama ginuwa ba ko kusa, ranar haihuwa kusan kashi ɗaya cikin huɗu ce ta girman ta babba, sauran aikin duk yana gabanki. Abin da ya fi damuna shi ne barcin da kika ce ba kya samu. Ki faɗa a wajen awo, kar ki ji kunya, kuma kar ki yi wasa da maganin ƙarin jini da suke ba ki.

Baban yara uku:
'Yar uwa ki nuna wa maigidan wannan. Nima da na fari ban ɗauki abin da muhimmanci ba, ina ganin jariri ai nono da barci ne kawai sai ya girma mu saba. A ta ukun ne na gane na yi asara. In na ɗauke ta na kawo fuskata kusa, tunda jariri sabon haihuwa bai gani sosai sai abin da ke kamar santimita 20 zuwa 30 daga idonsa, sai ta yi wani ɗan sauti in mayar mata ta sake in sake, a haka har ta fara jiran in amsa. Maigidanki ya daina dariya ya sa bakinsa kusa da cikin ya yi sallama.

Maman tagwaye:
Ni dai abu ɗaya zan roƙe ki, in ya zo kar ki bar wa waya rainonsa. Na yi wannan kuskuren saboda hannu ya yi min yawa, in kunna musu katun don in samu in yi aiki, ina ganin ai suna koyon magana. Ashe ba haka ba ne. A 2003 an sa jarirai 'yan wata tara a Amurka suna zama da masu jin Sinanci, suka kama sautukan yaren, waɗanda aka kunna wa bidiyon mutanen kuwa ba su kama ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ma a 2019 ta ce yaro ɗan ƙasa da shekara ɗaya kar a ajiye shi gaban allo sam. Ba sai kin sayi komai ba, kina masa wanka ki riƙa faɗa masa ga hannu ga ƙafa, in ya yi kuka ki ɗauke shi, kar ki saurari masu cewa za ki sangarta shi, a wannan shekarun ɗauka bata ɓata yaro.

Mai jiran haihuwa:
Allah ya saka da alheri, har na ji sanyi a raina. Anti zan faɗa musu maganar barcin ranar awo in sha Allah. Maigida ya karanta ya yi shiru, ɗazu kuma na ji yana tambayar cikin ko an tashi lafiya, yaron kuwa ya harba.