Muhawara: Ko yaron da ya kammala rigakafin jarirai yana buƙatar ƙarin allurar mashaƙo?

Baban Khadija:
Assalamu alaikum iyayena da 'yan'uwana. Ina neman shawararku a kan wata magana da ra'ayina ya saɓa da na mai ɗakina. An aiko da sanarwa daga makarantar su Khadija cewa ma'aikatan lafiya za su zo yi wa yara allurar Td, wato rigakafin tetanus da mashaƙo, saboda cutar mashaƙo da ta addabi Kano tun ƙarshen 2022, kuma ana neman amincewar iyaye. Khadija shekararta 9, katin rigakafinta yana hannuna, kuma ya nuna an yi mata Penta, wato allurar jarirai mai kariya daga cututtuka biyar har da mashaƙo, sau uku, a mako na 6 da na 10 da na 14 bayan haihuwa, babu ko ɗaya da ta wuce ta. A nawa ganin, yaron da ya kammala rigakafinsa tun yana jariri ya gama da wannan babi, allurar makaranta kuwa ta 'ya'yan waɗanda suka yi sakaci ce tun farko. Mahaifiyarta ta dage sai an yi mata.

Kawu Alhaji:
Wa alaikumus salam. Ɗana, ina tare da kai, ko da yake dalilina ya sha bamban da naka. Ina cikin garin nan a 1996 lokacin annobar sanƙarau, sa'adda kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara a wani gwaji da ya ƙunshi kimanin yara 200, inda 11 suka rasu, wasu kuma suka nakasa. Kamfanin ya musanta aikata laifi, amma a 2009 ya sasanta da gwamnatin jihar Kano a kan dala miliyan 75. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne a tsakiyar annoba aka yi wannan aiki, lokacin da iyaye ke cikin firgici, ba su da natsuwar yin tambaya. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Saboda haka duk lokacin da aka ce annoba ta zo, a miƙo yara a yi musu allura cikin gaggawa, ni sai na ja da baya tukuna.

Gwaggo Hajiya:
Alhaji, abin da ka faɗa ya faru, kuma a tsawon aikina na jinya na ga yadda ya bar tabo a zukatan iyaye. Amma Trovan sabon maganin kashe ƙwayoyin cuta ne da ake gwadawa a lokacin, ba rigakafi ba ne. Rigakafin mashaƙo kuwa tun shekarun 1920 aka samar da shi, ta hannun wani masani Bafaranshe mai suna Gaston Ramon, kuma mun daɗe muna yi wa mata masu juna biyu allurar da ke cikin wannan kwalba ta Td a ɗakin awo.

Kai kuma ɗana, bari in yi maka bayanin abin da ke cikin allurar, domin amsar tambayarka tana can. Ƙwayar mashaƙo da dafin da take fitarwa take kisa. Dafin ne ke kashe naman maƙogwaro, ya bi jini ya taɓa zuciya da jijiyoyi. Abin da ake yi wa yaro shi ne wannan dafin bayan an kashe ƙarfinsa, babu ƙwayar cuta mai rai a ciki, sai jiki ya koyi yadda zai tare dafin na gaske idan ya zo. To, wannan kariya tana raguwa da tafiyar shekaru. Allurai ukun da aka yi wa Khadija sun tsare ta sosai a shekarunta na farko, amma yau shekara kusan tara ke nan babu abin da ya sake tunasar da jikinta. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya, a matsayar da ta fitar a 2017, ta ce bayan ukun jarirai a ƙara wasu uku: ɗaya tsakanin wata 12 zuwa 23, ɗaya tsakanin shekara 4 zuwa 7, ɗaya kuma tsakanin shekara 9 zuwa 15. A wannan lissafi, jikata tana da uku cikin shida.

Baban Khadija:
Gwaggo, na gode, amma a nan ne nake da tambaya. Idan har shida ake buƙata, me ya sa katin da gwamnati ta ba mu bai tanadi gurbin sauran ukun ba? Ranar da aka yi mata allurar ƙyanda tana wata 9, cewa aka yi mun kammala. Yanzu kuma a ce mini rabi muka yi, dole hankalina ya ƙi kwanciya, domin ko dai ba a gaya mana gaskiya a wancan lokaci ba, ko kuma yanzu ne ake ƙara gishiri.

Gwaggo Hajiya:
An gaya muku gaskiyar abin da ke cikin jadawalin Najeriya na wancan lokaci, kuma jadawalin ne yake da giɓi. Ƙasashe da dama masu ƙaramin ƙarfi sun tsaya a allurai ukun farko, domin kai rigakafi ga jarirai kaɗai ma aiki ne da har yau bai kammalu ba a arewacin ƙasar nan, balle a bi yaro har makarantar firamare. Ni kaina na sha gaya wa iyaye cewa sun kammala, domin iyakar abin da ke kan katin ke nan. Muddin cutar ba ta yawo, ba a ganin illar giɓin, amma da ta ɓarke sai ga shi yawancin waɗanda ta kama 'yan ƙasa da shekara 15 ne, wato har da sa'o'in Khadija.

Yaya Malam:
Da izinin Kawu da Gwaggo, ina so in kawo wani misali daga wajen ƙasarmu, saboda kada a ɗauka talauci ko sakacin iyayenmu ne kaɗai ke jawo wannan. Bayan rushewar Tarayyar Sobiyat, mashaƙo ta ɓarke a Rasha da Yukiren da sauran ƙasashen da suka fita daga tarayyar, a cikin shekarun 1990 ta kama mutum fiye da 150,000, dubbai suka mutu. Abin lura shi ne da yawan waɗanda ta kama manya ne, mutanen da aka yi wa rigakafi suna yara, amma kariyarsu ta yi rauni da tsawon lokaci, ga kuma rigakafin yara da ya ja baya a wannan zamani na rikici. Ba a shawo kanta ba sai da aka koma yi wa jama'a allura gaba ɗaya, manya da yara. Wannan ya isa hujja cewa kalmar "an gama" ba ta da tabbas a kan mashaƙo.

Sai dai ina da abin da zan ƙara, domin kada mu wuce gona da iri. Masana ba su haɗu a kan cewa kowane baligi sai ya riƙa sabunta allurar nan har ƙarshen rayuwarsa ba. Amurka tana ba da shawarar a sake duk bayan shekara 10, Ingila kuwa ba ta ba da shawarar a riƙa sakewa a kai a kai ga wanda ya bi jadawalinta tun yarinta. Saboda haka da a kan baligin da ya cika dukkan allurai ake muhawara, da na ce akwai wurin jayayya. Amma a kan yarinya mai shekara 9 da ke da uku kacal, a garin da cutar ke yawo, ƙasashen nan biyu duk sun riga sun yi wa sa'arta ƙari tun kafin ta kai wannan shekaru.

Kawu Alhaji:
Malam, na ji bayaninka, kuma na yarda yana da ma'ana. Amma ga wani abu da ban ji an amsa ba. Hukumar NCDC mai yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa a Najeriya da kanta ta bayyana cewa cikin waɗanda aka tabbatar sun kamu akwai wani kaso da suka kammala rigakafinsu. Idan wanda aka yi wa ya kamu, wanda ba a yi wa ba ma ya kamu, ina ribar ƙarin? Sannan akwai maganar adalci. A ƙauyuka da wasu unguwanni akwai yaran da ko allura ɗaya ba a taɓa yi musu ba. Ashe bai fi dacewa a kai musu kwalaben nan ba, maimakon a ƙara wa wadda ta riga ta samu uku?

Yaya Malam:
Kawu, tambayarka ta farko ai goyon bayan ƙarin take yi. Waɗanda aka lissafa a matsayin sun kammala, a ma'aunin jadawalinmu ne, wato allurai ukun jarirai, kuma su ne 'yan tsiraru a cikin masu cutar, mafi yawa ba a yi musu ba ko ba su kammala ba. Idan yaro mai uku zai iya kamuwa bayan shekaru, abin da hakan ke nunawa shi ne ukun sun rage haɗari amma ba su isa har abada ba. Game da adalci kuwa, ina tare da kai cewa yaron da bai taɓa samu ba ya fi kowa cancanta, kuma shi ne babban aikin da ke gaban hukuma. Amma idan Khadija ta ƙi karɓa, babu tabbacin cewa rabonta zai isa ƙauye, domin kwalbar Td ta mutum da yawa ce, kuma an riga an ware ta ga wannan makaranta.

Maman Usman:
Assalamu alaikum Kawu, Gwaggo da yayyena. Ni ba ni da ilimin likita, amma mu nan Matamaye cikin jihar Damagaram cutar ta shigo mana sosai a 2023, kuma na ga abin da take yi da idona a kan ɗan maƙwabciyata. Da zazzaɓi kaɗan da ciwon maƙogwaro ya fara, aka ɗauka mura ce. Kafin a ankara wuyansa ya kumbura har ya haɗe da haɓa, numfashinsa yana fita da ƙara kamar ana shaƙe shi, in ya buɗe baki sai ka ga wani abu ruwan toka ya shimfiɗu a can ciki. Wata tsohuwa ta so ta kankare shi da yatsa, Allah ya sa aka hana ta. A asibiti aka keɓe shi, aka ce sai an nemo makarin dafin daga wani wuri domin ba ko'ina ake ajiye shi ba. Ya rayu, amma bayan an sallame shi ya daɗe in ya sha ruwa sai ya dawo ta hanci. Yaya, ba don in tsorata ka na faɗa ba, amma in ana auna ciwon hannu na kwana biyu, to a ɗora wannan a ɗaya ɓangaren ma'aunin.

Gwaggo Hajiya:
'Yata, abin da kika gani shi ne dafin ya taɓa jijiyoyin haɗiya, kuma yakan bayyana ne makonni bayan an ɗauka yaro ya warke. Makarin da kika ambata daga jinin doki ake haɗa shi, masu yin sa a duniya kaɗan ne, kuma dafin da bai riga ya shiga naman jiki ba kaɗai yake iya karyawa, shi ya sa jinkirin kwana ɗaya yake da tsada. Ko da kulawar asibiti, cikin mutum 100 da suka kamu akan rasa tsakanin 5 zuwa 10.

Kawu Alhaji:
Allah ya ƙara wa yaron lafiya. Hajiya, ni fa ban ce rigakafi ba shi da amfani ba, kuma ban manta cewa bayan an dakatar da na shan inna a Kano a 2003 cutar ta sake bazuwa har ƙetare ba. Abin da ya rage mini shi ne yadda za a yi shi. Kwalba ta kwana a wurin da babu wutar lantarki, ta sha zafin rana a bayan babur, a zo makaranta a jera yara ɗari ba tare da iyayensu ba. Wa zai tabbatar mini abin da ke ciki bai lalace ba, kuma wa zai lura idan wani yaro ya sami matsala?

Gwaggo Hajiya:
Wannan tambaya ce da kowane uba yake da haƙƙin yi, kuma akwai abin da za a iya gani da ido. A jikin takardar kwalbar akwai wani ɗan da'ira mai murabba'i a tsakiyarsa. Muddin murabba'in ya fi da'irar haske, zafi bai lalata maganin ba, idan kuwa launinsu ya zama ɗaya ko ya fi ta duhu, jefar da kwalbar ake yi. Td ma daskarewa ta fi zafi yi mata illa, shi ya sa ba a ɗora ta kai tsaye a kan ƙanƙara. Sirinjin kuma irin wanda ke kulle kansa ne bayan amfani sau ɗaya, a gabanka ake yage ledarsa. Abin da aka saba gani bayan allurar shi ne ciwo da ɗan kumburi a damtse, wani lokaci da zazzaɓi mara tsanani na kwana ɗaya ko biyu. Mummunan rashin jituwa da maganin yana faruwa amma da wuya ƙwarai, kuma cikin mintunan farko yake bayyana, don haka ake son yaro ya ɗan zauna kusa da ma'aikata kafin ya tafi.

Baban Khadija:
To Gwaggo, na gamsu cewa ukun farko ba su ne ƙarshe ba, amma damuwar Kawu a kan yi wa yara ba a gaban iyayensu ba ta shige ni. Ina ganin zan kai ta asibitin unguwa da kaina, da katinta a hannu. Sai dai tana ɗan tari tun shekaranjiya, ko wannan zai hana?

Gwaggo Hajiya:
Ɗan tari ko mura mara zafi ba ya hanawa, amma idan jikinta ya yi zafi sosai a bari sai ta warware, kuma ka leƙa maƙogwaronta da fitila yau ɗin nan, in ka ga wani abu ya shimfiɗu ko wuya ya fara kumburi kada ka jira safiya. Ka gaya wa ma'aikacin ko ta taɓa samun wata matsala bayan allurar baya, kuma ka sa a rubuta ranar da sunan allurar a kan katin, domin idan ayarin makaranta suka zo ta nuna musu an riga an yi mata.

Kawu Alhaji:
Idan a asibiti ne kuma a gaban uba, ba ni da ja a kan Khadija. Amma har yanzu ina nan a kan cewa bai dace a tara yara a makaranta ba sai an kira iyaye an yi musu irin bayanin da Hajiya ta yi mana yau. Ɗana, ka gaya mini ranar da za ku je, zan turo jikokina biyu na gidan nan tare da katunansu, ka duba mini alamar kwalbar kafin a taɓa su.