Gyara ko rushewa: da wane ma'auni ake yanke hukunci a kan tsohon ginin makaranta?

Malamar Aji 4 ta rubuta:

Assalamu alaikum. Ina koyarwa a wata makarantar firamare wadda tsohon ɓangarenta ya haura shekara 40 da ginawa. A ajina akwai wata tsaga da ta taso daga kusurwar taga ta nufi rufi a karkace, ƙofar ta fara cijewa, silin kuma duk tabon ruwa ne. Kwamitin iyaye da malamai ya rabu biyu: wasu suna ganin a yi filasta da fenti kafin a dawo daga hutu, wasu kuma sun dage sai an rushe an sake sabo. Ina roƙon masana su yi mana bayanin yadda ake bambance ginin da gyara zai cece shi da wanda kwanansa ya ƙare.

Injiniyan Gine-gine ya rubuta:

Wa'alaikumus salam, Malama. Shekarun gini ba su ne ma'auni ba, abin dubawa shi ne lafiyar sassan da ke ɗauke da nauyi, wato harsashi da ginshiƙai da kankaren da aka shimfiɗa a kansu. Idan waɗannan suna nan daram, to kwano da silin da tagogi duk ana iya sauya su; idan kuwa su ne suka lalace, duk abin da aka kashe wajen kwalliya asara ce.

Siririyar tsaga irin ta gashi a jikin filasta ba ta cika zama matsala ba. Amma wadda kika bayyana, tunda a karkace take kuma ƙofa ta fara cijewa, tana nuna alamar cewa wani gefe na harsashin yana nutsewa, sau da yawa saboda ruwan da ke kwanciya a gindin bango. Ki ja layi da fensir a ƙarshen tsagar, ki auna faɗinta, ki rubuta kwanan wata, sannan ki sake aunawa bayan mako 2. Tsagar da ta tsaya ana ɗinke ta, wadda take ƙaruwa kuwa sai an gano musabbabinta tukuna. Ki kuma duba ko akwai inda kankare ya ɓantare rodi ya fito fili, domin idan danshi ya kai ga rodi ya yi tsatsa, ƙarfen yana kumbura ya fasa kankaren daga ciki, kuma kaurinsa yana raguwa.

Sai dai kada a ɗauka cewa kowane haɗari yana bayyana a ido. A ƙarshen watan Agusta na 2023, ana saura kwanaki a koma karatu, gwamnatin Birtaniya ta umarci makarantu sama da 100 a Ingila su rufe gine-ginen da aka yi wa rufi da wani kankare marar nauyi mai ƙananan ramuka da ake kira RAAC. An yi amfani da shi daga shekarun 1950 zuwa na 1990, an ƙiyasta rayuwarsa da kimanin shekara 30, kuma yana iya ruftawa ba tare da gargaɗi ba. Saboda haka shawarata ita ce a fitar da yara daga wannan aji har sai injiniya mai rajista ya duba shi ya ba da rahoto a rubuce.

Tsohon Hedimasta ya rubuta:

Na yarda da Injiniya, amma ina so in ja hankalin masu cewa a rushe. Rushewa aikin kwana ɗaya ne, sake ginawa kuwa yana iya cin shekaru, kuma na ga inda aka rushe ajujuwa bisa alkawari, yara suka ƙare da cunkoso a sauran ɗakunan har suka gama makarantar. Kada a ɗora guduma a bango sai kuɗin sabon ginin ya tabbata, an kuma san inda ɗalibai za su zauna a tsakani.

Abin da na koya a aiki shi ne yawancin gine-ginen da ake cewa sun tsufa, sakaci ne ya tsufar da su. Kwano ɗaya ne iska ke ɗagawa, a bar shi damina ta wuce, katakon rufi ya jiƙe ya ruɓe, gara ta samu shiga, silin ya faɗo, danshi ya bi bango. Hukumomi sun fi son sabon ginin da za a yi bikin buɗewa a kan kuɗin gyaran indararo, wanda babu mai ɗaukar hotonsa. Ya kamata kowace makaranta ta ajiye littafin da ake rubuta duk lahanin da aka gani, a zagaya gini kafin damina da bayanta, a kuma riƙa aika rahoto a rubuce, domin maganar baki ba ta zama hujja ranar da aka zo bincike.

Magini ya rubuta:

Malama, a matsayina na wanda ake kira irin wannan aiki, ina gaya miki gaskiya cewa filasta a kan tsaga mai motsi rufe ciwo ne da tsumma. Za ta dawo, kuma an ɓoye wa mai dubawa shaidar da yake buƙata. Abu na biyu, idan wani ya kawo shawarar a ɗora bene a kan tsohon ginin don a samu ƙarin ajujuwa, kada ku amince sai an lissafa ƙarfin harsashin. A watan Nuwamba na 2008 wata makaranta ta rufta a ƙasar Haiti ana cikin ƙara mata hawa, mutane kimanin 90 suka mutu, akasarinsu yara. Idan kuma sabon gini aka zaɓa, a sa ido a kan yawan siminti da kaurin rodi, a riƙa shayar da kankare ruwa, domin ana lissafa ƙarfinsa ne a kwana 28, ba ranar da ɗan kwangila yake son cire katako ba.

Malamar Aji 4 ta rubuta:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Mun mayar da ɗalibaina ɗakin taro, na kuma yi wa tsagar alama. Wasu iyaye sun ce za su zo da kansu su ɓamɓare tsohon silin ranar Asabar. Ko akwai matsala a cikin hakan?

Injiniyan Gine-gine ya rubuta:

A dakatar da su, Malama. Silin na wancan zamani yana iya ƙunsar asbesto, wani ma'adini mai zare-zare da ake haɗawa a kayan gini, wanda ba ya cutarwa sosai idan yana zaune lafiya, amma idan aka farfasa shi ƙurarsa tana shiga huhu ta haddasa cutar daji bayan shekaru masu yawa. A kulle ajin, a bari mai duba ginin ya fara tantance irin silin, sannan waɗanda suka san aikin su sauke shi a jiƙe ba tare da an karya shi ba.