Neman shawara: gobarar daji ta ci amfaninmu, kowa da wanda yake zargi

Assalamu alaikum 'yan uwa. Daga wani ƙauye nake a yankin Ringim, Jigawa. Makon jiya wuta ta tashi a dajin da ke arewa da mu, ta cinye tarin dawa da harawar wake na gidaje da dama. Yanzu a zauren WhatsApp na garinmu wasu sun ce makiyaya ne, wasu sun ce masu neman ƙwace filin ne, har an turo bidiyon wani haske yana saukowa daga sama, wai Turawa ke gwajin makami. Hujjarsu biyu: wutar ta tashi wuri uku lokaci guda, kuma darbejiya da mangwaro suna nan kore shar. Matasa sun fara zancen zuwa ruga. Ta yaya ake gane inda wuta ta samo asali?

Ma'aikacin gandun daji: Wa'alaikumus salam. Allah ya mayar da alheri. Ku fara hana mutane da dabbobi tattake wurin, don shaidar tana cikin toka. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take zuwa, wuta kuwa tana farawa a tsuke ne, ta riƙa buɗewa ta inda iska ta kora ta. Sai ku tsaya inda ƙunar ta fi faɗi, ku taka kuna fuskantar iska har inda ta tsuke. A hanya ku duba dutse da kututture: gefen da ya fuskanci wutar ya fi baƙi. Gindin bishiya mai yaudara ne, ƙuna ta fi hawa sama ta bayanta, don harshen wuta zagayawa yake ya lashi ɓangaren da iska ba ta bugawa. A nan ne mai bincike kan yi kuskure ya juya hanya. Kusa da mafarin za ku ga ciyawa ba ta ƙone duka ba, wutar ba ta yi ƙarfi ba tukuna. A nan za ku durƙusa ku nemi ramin gafiya da aka tona aka tura wa hayaƙi, ko kogon bishiyar da aka ciri zuma, ko ramin gawayi, ko duwatsun murhu, ko guntun sigari, ko wayar lantarki da ta tsinke.

Malamin gona: Batun wuri uku ba abin mamaki ba ne. Iska na ɗaukar garwashin kara da ganye ta jefa gaba, wani lokaci ta tsallake hanya, sai sabuwar wuta ta tashi. Idan wuraren nan suna jere ta inda iska ke kaɗawa, wuta ɗaya ce ta haihu. Idan akwai wanda yake ta inda iska ke fitowa, nesa da sauran, to wannan ya cancanci a bincika. Bishiya kuma ɗanya ce, ruwa ne cike da ganyenta, wutar ciyawa tana wucewa da sauri kafin ta busar da ita. A duba tarin harawar ma: in an tara ta da danshi aka danne, tana yin zafi daga ciki har ta kama da kanta.

Mai gyaran waya: Yallaɓai, bidiyon nan ka ɗauki hoton allonsa ka saka a Google Lens, manhajar binciken hoto, za ta iya nuna maka inda ya taɓa fitowa. Irin wannan zance aka yi kan gobarar Lahaina a Hawai ta Amurka a Agustan 2023, wadda ta kashe mutum kusan 100. Aka ce makamin haske ne, bincike ya nuna wayoyin lantarki da suka tsinke ne mafari. Akwai kuma shafin FIRMS na NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, kyauta ne. Ka nemo garinku a taswira, ka zaɓi ranar, za ka ga jajayen ɗigo inda tauraron ɗan Adam ya hango zafi. Sai dai faɗin filin da kowane ɗigo ke nunawa ya kai kimanin mita 375, kuma lokacin wucewar tauraron yake nunawa, ba lokacin da wutar ta tashi ba. Ba zai faɗa maka sunan kowa ba.

Hajiya mai sayen amfanin gona: Ni maganar rugar ce ta tsaya min. Ɗana, busasshiyar ciyawar nan ita ce abincin shanunsu har damina, su ma asara suka yi. Ban ce ba a taɓa samun mai laifi a cikinsu ba, amma a kawo wanda ya gani da idonsa. Yau ɗin nan ku je wurin mai unguwa, ya kai wa dagaci, a kira ardo, a taka wurin tare da jami'in kashe gobara da ɗan sanda. Mai kula da zauren kuma ya goge duk saƙon da ya ambaci sunan mutum ko ƙabila.

Ma'aikacin gandun daji: Gaskiyar Hajiya. Ku ɗauki hotuna kafin iska ta share toka, ku rubuta wanda ya fara ganin hayaƙi, ƙarfe nawa, ta wace kusurwa, kowa a tambaye shi shi kaɗai. Sauran tarin da ya tsira ku share masa ƙasa fes, faɗin taku biyar ko shida kewaye, kuma kada a jera dawa da harawa wuri ɗaya.