An yi wa yayata tiyatar rage tumbi, me za ta ci cikin abincinmu na gida?

Ƙanwar Hajiya:

Assalamu alaikum. Don Allah masana a taimaka. Yayata aka yi wa tiyatar rage ƙiba a Indiya, irin wadda ake yanke tumbi a bar shi siriri. Yau kwana 12, ta dawo gida. Takardar abincin da aka sallame ta da ita duk cimar can ce, rabin sunayen ma ba mu san su ba. Yaushe za ta koma tuwo da shinkafa? Fura da nono da kunu fa, za ta iya sha? Ga shi ruwa ma da ƙyar take shanye leda ɗaya a wuni, wai cika mata ciki yake yi. Sannan bitamin ɗin da aka ba ta na wata uku ne, in ya ƙare shi ke nan?

Maman Sadiq:

Wa alaikumus salam. Allah ya ƙara sauƙi. 'Yar'uwa, ki ajiye maganar tuwo tukuna, maganar ruwan nan ce ta gaggawa. Leda ɗaya rabin lita ce, ita kuwa aƙalla lita ɗaya da rabi take buƙata a wuni, wato leda uku, in ana zafi ma huɗu. Ƙarancin ruwa na cikin manyan abubuwan da ke mayar da mutane asibiti a watan farko.

Gaskiyarta ce da ta ce yana cika mata ciki. A irin wannan aikin kusan kashi 75 zuwa 80 cikin ɗari na tumbin ake cirewa, abin da ya rage bai wuce ya ɗauki mililita 100 zuwa 150 ba, kuma yanzu a kumbure yake saboda ɗinki. Ba za ta iya ɗaga kofi ta kwankwaɗa kamar da ba. Kurɓa za ta riƙa yi: cokalin cin abinci biyu duk minti 15, daga tashinta har ta kwanta. In kika lissafa, a awa 12 zuwa 13 ta haɗa lita ɗaya da rabi ba tare da ta takura ba. Gora ta zauna a hannunta, a sa mata ƙararrawa a waya in tana mantawa. Wasu ruwan sanyi ke ƙulle musu ciki, sai a gwada mai ɗumi, ko a jefa 'yar citta. Fitsari shi ne ma'auni: in ya yi ja sosai ko ya ragu, ga bushewar baki da jiri in ta miƙe, ruwan bai isa ba. Ban da lemon kwalba da duk abin sha mai gas, ban da zuƙa da tsinke, iska suke cusawa.

Abinci kuwa hawa-hawa ne. Asibitoci sun ɗan bambanta a kan kwanakin, don haka in takardarta ta saɓa da abin da zan faɗa, a bi takardar. Mako biyun farko ruwa-ruwa zalla, abin da zai wuce ta rariya: romon kaza ko na kifi da aka tace aka kwashe man sama, madara, nono mara sukari da aka dama ya saki. Mako na uku da na huɗu sai abin da aka markaɗa ya yi sumul, ba gudaji ko ɗaya: kifi dafaffe a markaɗa da romonsa, faten wake da aka surfe aka cire ɓawon, kabewa, alale mai ruwa-ruwa a murƙushe. Cokali uku zuwa huɗu ya isa zama ɗaya, sau biyar ko shida a wuni. Mako na biyar da na shida abinci mai laushi, wanda bayan cokali zai iya latse shi: ƙwai, farfesun kifi a tsince ƙaya tsaf, kaza da ta dahu luguf, awara dafaffiya a miya ba soyayya ba. Daga mako na bakwai ko na takwas ake fara gwada abinci sosai, sabon abu ɗaya a rana, don in ya ƙi zama a san mai laifin.

Abin da ake bi a duk wannan shi ne furotin, wato sinadarin gina jiki, giram 60 zuwa 80 a wuni. Ƙwai ɗaya giram 6 ne. Kofin madara na mililita 250 kusan 8. Giram 100 na tsokar kaza dafaffiya kusan 30, na kifi 20 da ɗoriya. A makonnin ruwa-ruwa da wuya a kai adadin, dabarar ita ce a zuba garin madara mara kitse cokali huɗu a cikin nono ko romo, zai ƙara kusan giram 10. A duba jikin gwangwanin dai, don wasu garin da ake sayarwa da sunan madara man itatuwa ne ya fi yawa a ciki.

To tuwo. Matsalar tuwo ba dawa ko masara ba ce, yadda muke cin sa ne: a yi loma, a dangwali miya, a haɗiye ba tauna. Ga miyar kuka ko kuɓewa da ke sa lomar ta zarce ba a sani ba. A sabon tumbi wannan lomar tokarewa take yi a ƙahon zuciya, sai miyau ya yi ta tsinkewa, sai amai. Haka shinkafa, taliya, burodi mai laushi, ɗanwake da sakwara: suna cuɗewa, suna kumbura, kuma su cinye gurbin da nama ya kamata ya shiga. Gara a bari sai bayan wata uku, wasu ma sai sun kai shida kafin cikinsu ya karɓa. In lokacin ya yi, tsarin kwano juyawa zai yi. Nama ko kifi ko wake ne abincin, shi za a fara ci, sai ganye, tuwon ya koma mahaɗi, loma biyu ko uku ƙanana a ƙarshe in da sauran wuri. Kowace loma a tauna sau 20 zuwa 30, a ɗauki minti 20 zuwa 30 ana ci, abin da ya rage a ɗauke kwanon. Kilishi, tsire, balangu da ganda su ne na ƙarshen dawowa, busasshen nama ya fi komai tsayawa a ƙirji.

In ta wuce makonnin ruwa-ruwa, kada ta haɗa ci da sha. Ta dakata da ruwa minti 30 kafin abinci, ta jira wasu 30 bayansa. Kuma ƙoshi yanzu ba a ciki kaɗai za ta ji shi ba. Shaƙuwa, atishawa, yoyon hanci ko nauyi a ƙirji, duk alamar ta ajiye cokali ce. Ku 'yan gida ku daina "ƙara ko loma ɗaya ce", wannan lomar ita ke jawo aman.

Dakta Larai:

Maman Sadiq ta gama da abinci. Ni kan tambayarki ta ƙarshe zan tsaya, don a nan ake yin asara. A'a, in na wata ukun ya ƙare ba shi ke nan ba. Bitamin na har abada ne. Ɓangaren tumbin da aka cire shi ke samar da yawancin asid da sinadarin da ke taimaka wa jiki tsotse bitamin B12, ga abincin kuma ya ragu ƙwarai. Abin da aka saba rubutawa: ƙwayar bitamin mai haɗe da ma'adinai kullum, kalsiyam miligiram 1,200 zuwa 1,500 a wuni, a raba shi biyu ko uku don jiki ba ya ɗaukar fiye da 500 zuwa 600 a lokaci guda, kuma nau'in kalsiyam da ake kira sitret ya fi shiga jiki in asid ya yi ƙaranci, bitamin D, sai B12, ƙwaya kullum ko allura, a wasu wuraren duk wata uku. Mace mai al'ada tana buƙatar sinadarin ƙarfe miligiram 45 zuwa 60 a wuni. A bar tazarar awa biyu tsakanin ƙarfe da kalsiyam, suna hana juna shiga, kuma kada a kora maganin ƙarfe da shayi ko madara.

Ƙarancin waɗannan ba ya nuna kansa da wuri. Hanta na iya riƙe B12 na shekaru, sai mutum ya saki jiki, daga baya a fara jin ƙafa na dindiris, ga kasala da mantuwa. Shi ya sa ake gwajin jini a wata na 3, na 6, na 12, sannan duk shekara. Tunda a waje aka yi aikin, tun yanzu ku nemi likitan fiɗa ko na ciki a asibitin koyarwa mafi kusa da ku, ku kai masa takardar sallama ya buɗe mata fayil. Kada a jira sai matsala ta taso.

Akwai bitamin ɗaya da ba ya jira: B1. Ajiyarsa a jiki ba ta wuce mako biyu zuwa uku. In amai ya ƙi tsayawa kwana da kwanaki, sai aka ga tana layi in tana tafiya, ko gani bibbiyu, ko ruɗewa, asibiti nan take, kuma ku faɗa da bakinku cewa an yi mata tiyatar tumbi, a ba ta B1 kafin a ɗaura ƙarin ruwa mai sukari. Sukarin kan ƙone ɗan abin da ya rage, ya taɓa ƙwaƙwalwa.

A wannan watan kuma, ko ɗaya daga cikin waɗannan ba a kwana da shi a gida: bugun zuciya da ya haura 120 a minti ya ƙi sauka, zazzaɓi, ciwon ciki mai ƙaruwa, ciwon kafaɗar hagu, numfashi sama-sama, kumburin sha-raɓa ɗaya, ko ta wuni ta kwana ruwa ba ya zama. Yoyon ɗinki ko daskarewar jini ake tsoro. Kada wani ya ce maleriya ce a wuce kemis.

Tunda na ambaci kemis: ban da ibuprofen, diclofenac, piroxicam da sauran danginsu, ban da haɗe-haɗen maganin ciwon jiki da ake ƙullawa a leda, ban da jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke ciki ba. Gyambo suke haifarwa a sabon tumbi. Farasitamol ya isa. In tana shan maganin suga ko na hawan jini, a sake duba adadin da wuri, buƙatarta na iya raguwa cikin 'yan kwanaki, tsohon adadin sai ya kayar da ita. Ta riƙa tattaki kullum, amma kada ta ɗaga abin da ya wuce kilo biyar har mako shida, bokitin ruwa da goyo duk suna ciki.

Malam Ɗanjuma:

Ƙanwar Hajiya, ba a amsa miki ta fura da kunu ba. Nono e, in an tabbatar an tafasa madarar kafin a kwantar da ita, don cikin da aka yi wa aiki ba ya son gudawa. Fura a jinkirta, gero ne mai gaya da yaji. Kunun gyaɗa, koko, kunun aya da zoɓo kuwa, ko an warke ni ban goyi bayan a mayar da su na kullum ba. Su ne ke rusa aikin a ɓoye. Ruwa-ruwa ba ya tsayawa a siririn tumbi, wucewa yake yi, sai mutum ya sha kofi uku na kunu mai sukari bai ji komai ba, alhali ƙwai biyu sun ishe shi. Bayan shekara a ce tiyata ba ta yi ba.

Sukari yana da wata illar. In ya faɗa hanji da yawa lokaci guda yana janyo ruwa, cikin minti 10 zuwa 30 sai murɗar ciki, gumi, faɗuwar gaba, jiri da gudawa. Wani kuma sai bayan awa ɗaya zuwa uku, jiki ya saki insulin, sinadarin da ke sauke suga a jini, fiye da kima, suga ya faɗi, a kama rawar jiki. Ya fi yawa ga waɗanda aka yi wa wani nau'in tiyatar rage ƙiba, na karkatar da hanji, amma masu yankan tumbi ma suna samu. Masu zuwa dubiya da lemo da maltina da kek, a karɓa a gode, a ba yara.

Wajen mako na uku nauyinta kan tsaya cak a sikeli na kwanaki, wannan ba komai ba ne. Gashi kan zube tsakanin wata na uku da na shida, yana dawowa in furotin da ƙarfe sun wadata.

Ƙanwar Hajiya:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Mun fara na cokali biyun tun ɗazu. Dakta, saura biyu: azumi in ya zo za ta iya? Kuma tana son ƙarin haihuwa.

Dakta Larai:

Azumi a watanni 6 zuwa 12 na farko, shawarar likitoci ita ce ta dakata. Lissafin ne ba ya fita: daga magariba zuwa asuba awa 10 ne zuwa 11, ga barci a ciki, kuma a nan ake so ta shigar da lita ɗaya da rabi na ruwa kurɓa-kurɓa, da giram 60 na furotin, ba tare da ta haɗa su ba. Mara lafiya yana da rangwame, batun ramuwa sai ku tuntuɓi malami. In shekara ta zagayo, gwajin jininta ya yi kyau, likitanta ya amince, sai ta buɗe baki da ruwa da dabino ɗaya, ta yi salla, bayan rabin awa ta ci kifi ko ƙwai ko alale. Ban da buɗe baki da kunu mai zaƙi da soye-soye a cikin da ya wuni ba komai. Sahur ta jinkirta shi, kuma ta bar tazara kafin ta koma kwanciya saboda ƙwannafi, wanda dama yakan addabi masu irin wannan aikin. Ranar da jiri ko amai ya zo, ta karya.

Ciki kuma ta jira wata 12 zuwa 18, sai nauyinta ya daina sauka. Ku lura, raguwar ƙiba na dawo da haihuwa da sauri, har ga wadda ta daɗe tana nema, don haka maganar tazara yanzu za a yi ta da maigidanta, ba sai an ga ɓatan wata ba. Ashanar hannu ko robar mahaifa sun fi ƙwayoyi tabbas, don amai ko gudawa na iya fitar da ƙwayar kafin ta yi aiki. In lokacin ya yi, a duba ƙarfe, B12, folik asid da bitamin D kafin ta ɗauka, kuma ranar farko ta awo ta gaya musu an yi mata wannan aikin, domin ruwan sukarin da ake ba masu ciki su sha don gwajin suga na iya birkita ta, sai a auna ta wata hanyar.